Yadda Za Ka Faɗi Jarrabawar Tuƙi Ko da Ka Fi Mai Jarrabawar Sanin Mota

Ka zo inda ya dace. Idan ka bi matakan nan tara yadda aka jera su, ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawarin za ka faɗi jarrabawar tuƙi ko da a cikin mota aka yanke maka cibiya. Ba sau ɗaya ba, sau uku cikin wata guda.

Kada ka tsaya tambayar shaidata. Shekara goma sha huɗu ina ɗaukar hoton fasfo a ƙofar ofishin da ake jarrabawar, ƙarƙashin lema, da shuɗin ƙyalle rataye a katanga. Ban taɓa riƙe sitiyari ba, shi ya sa ra'ayina ya fi na kowa tsabta. Faɗuwa irin ta ragwaye da matsorata kowa na iya yin ta, ba sai an koya masa ba. Faɗuwar gwani zan koya maka, gwanin da za mu bi sawunsa kuwa wani bakanike ne da ake kira Injiniya. Da bakinsa ya ba ni labarin a kan bencina, abin da ya ɓoye kuma matarsa ta cike.

Mataki na ɗaya: Ka fi ƙarfin jarrabawar tun kafin ka shiga

Wanda bai iya ba tsoro yake ji. Mai jin tsoro yana sauraron abin da aka ce masa, mai sauraro kuwa yana iya cin jarrabawa bisa kuskure. Ka guji wannan. Ka zo da ilimi mai nauyi wanda ba wanda ya tambaye ka shi.

Injiniya ya shekara ashirin da shida yana kwanciya ƙarƙashin motocin mutane. Farcensa baƙi ne ko da ya yi wanka sau biyu. Idan mota ta shigo garejinsa ba ya ko kallonta. Karkata kai yake yi gefe guda, ya lumshe ido, ya ce da mai ita, "Boris ɗin tayar baya ne, na dama," tun mutumin bai kashe inji ba. Tuƙi kuwa ba a magana. Ya taɓa fitar da babbar mota da ribas daga lungun da akuya ma sai ta yi shawara kafin ta shiga.

Abu ɗaya ne bai taɓa mallaka ba, shi ne lasisi. Me zai yi da shi? Daga gareji zuwa ƙarshen layi ya juyo, iyakar tafiyarsa ke nan, kuma duk jami'in da zai tare shi a tsakanin nan, motarsa ta taɓa kwana a hannun Injiniya.

Mataki na biyu: Ka ɗora cin abincin gidanka a kan takardar

Faɗuwar da ba za ta taɓa tukunyarka ba wasan yara ce. Ka tabbata akwai abin da za ka rasa.

Mai filin da garejin yake ya sayar da shi. Wata safiya Injiniya ya tarar an kewaye rabin wurin da langa-langa, an zube bulo daidai inda yake shanya kayan inji. Aka ce masa ƙarshen wata ya kwashe komatsansa. Ya zaga gari neman wani filin har takalminsa ya buɗe baki, bai samu ba.

A cikin wannan hali manajan wani kamfanin ƙananan bas-bas, wanda Injiniya ya daɗe yana gyara wa mota, ya aika aka kira shi. Suna neman shugaban kanikawa.

"Aikin naka ne, Injiniya," in ji manajan. "Sai dai ƙa'ida ce, wanda zai fita da bas titi ya gwada ta dole ya kasance da lasisi. Ka kawo mini kafin wata ya ƙare. In ya wuce, ba yadda zan yi, akwai masu jira."

Injiniya ya dawo gida yana dariya. Matarsa na zaune bakin ƙofar ɗaki tana cire zaren wata tsohuwar rigar makaranta don ta sauke wa 'yarsu ta biyu tsawonta. Yara huɗu gare su, ɗaki biyu, da fanka mai juyi sai an tura ta da tsinken tsintsiya.

"Wai ni za a jarraba a tuƙi," ya ce.

"To Allah Ya ba da sa'a, Baban yara."

"Sa'a kuma? Ai sa'a ta waɗanda ba su iya ba ce."

Ta ɗaga kai ta dube shi, ta koma kan ɗinkinta. Ka riƙe wannan amsar tasa da kyau, za ka buƙace ta.

Mataki na uku: Ka ɗauki mai jarrabawa a matsayin mai kawo gyara

Mai jarrabawar ofishin nan wani siririn mutum ne mai tabarau, ana ce masa Jan Biro. Yana da allon riƙe takarda da yake rungumewa kamar jaririn da aka ba shi amana. Ba ya dariya, ba ya faɗa, ba ya amsa gaisuwa da fiye da kalma ɗaya. Ba na jin ya san abin da ke ƙarƙashin murfin inji, kuma ba na jin abin ya taɓa hana shi barci. Da motar ofis yake jarraba kowa, wata farar mota da hannun masu koyo ya gama wahalar da ita.

Ranar farko Injiniya ya shiga ya zauna, ya tayar da inji, ya karkata kai.

"Yallaɓai, fanbel ɗin nan ya kusa tafiya."

"Malam, ɗaura bel ɗinka."

Ka lura da yadda gwani yake yi, ka kwaikwaya. Hannu ɗaya a sitiyari, gwiwar ɗayan a taga. Madubi kuwa ka kalle shi da wutsiyar ido, yadda ba mai iya shaida cewa ka kalla. In za ka sha kwana, ka sa sigina bayan ka riga ka fara shanta, don na bayanka ya san abin da ya faru. Injiniya ya yi duk wannan cikin natsuwa, har yana tausaya wa Jan Biro da aka haɗa shi da wanda ba shi da abin gyarawa.

Da suka hau miƙaƙƙen titi sai ya ji motar tana ɗan ja gefe. Ya yi abin da ya saba yi sau goma a yini: ya saki sitiyarin gaba ɗaya, ya ɗaga hannuwa biyu sama, yana kallon inda za ta nufa.

"Ka gani, yallaɓai? Dama take ja. Sai an daidaita ƙafafun."

Jan Biro ya riƙe ƙofa da hannu ɗaya, ya yi rubutu da ɗayan. Ya ce, "Koma ofis."

Minti bakwai ke nan da fitarsu. Ka yi ƙoƙari kada ka wuce haka.

Mataki na huɗu: Ka fito ka kafa majalisar waɗanda aka zalunta

Kada ka kuskura ka tafi gida kai tsaye, tunani zai iya kama ka a hanya. Ka zauna a bencin mai hoto tare da 'yan'uwanka da suka faɗi, ku yi wa mai jarrabawa shari'a.

A bencin nan ban taɓa ganin mai laifi ba. Wanda ya hau kan dakalin gefen titi, dakalin ne aka gina ba bisa ƙa'ida ba. Wadda ta yi ribas ta ture durom, an matsar da durom ɗin ne tana tsakiyar juyawa. Kowa ya zo da kuskuren da "ai kowa ma yana yi," kuma gaskiyarsu ce, kowa yana yi, shi ya sa gefen titunanmu ya cika da gilashin fitila.

Injiniya ya baje takardarsa a cinya. Jan rubutu ya yi mata ado tun daga sama har ƙasa.

"Wai ban duba madubi ba," ya ce. "Wallahi na duba. Har lambar motar da ke bayana zan iya faɗa muku."

A nan kam ya faɗi gaskiya, kuma a nan hikimar ofishin take. Jan Biro ba ya auna ko ka gani. Abin da yake aunawa shi ne ko ya ga ka gani. Idan ka juya kai kamar tattabara, dama, hagu, sama, ko da idonka a rufe yake, ka duba. Idan ka hango komai ba ka motsa wuya ba, makaho ne kai a takarda.

"To sakin sitiyarin fa?" na tambaye shi.

Ya harare ni. "Kai da ba ka san inda birki yake ba."

Haka ake so. Duk wanda ya tuna maka da ainihin laifinka, ka tuna masa da nasa.

Mataki na biyar: Ka yi atisaye a ɗaki da murfin tukunya

Ofishin ba ya yarda a sake jarrabawa sai bayan mako guda. A cikin makon nan langa-langar ta ƙara cinye garejin, har ramin da ake shiga ƙarƙashin mota ya koma ɓangaren masu gini. Dariyar Injiniya ta ragu.

Matarsa ce ta karɓi takardar ta karanta a tsanake, don ta fi shi haƙuri da rubutu. Bayan yara sun tafi makaranta ta ajiye kujera a tsakar ɗaki, ta miƙa masa murfin babbar tukunya, ta jingina madubinta na kwalliya a kan akwati. Ita kuma ta zauna a gefe da littafin 'yarta da biro.

"Hannu biyu."

"Haba, Maman yara."

"Ni ba Maman yara ba ce yanzu. Hannu biyu. Duba madubi."

"Na duba."

"Ban gani ba."

Ya juya kai har wuyansa ya yi ƙara. Mutum mai furfura, wanda manyan direbobi ke rusuna wa, ga shi zaune yana murza murfin tukunya yana cewa "sigina" da baki. Kunya ta kama shi har cikin ƙashi, ya ji kamar ya jefar da murfin ya fita. Sai idonsa ya faɗa kan takalman yaran da aka jera a bayan ƙofa, ƙafa takwas, ba guda ɗaya da bai taɓa ɗinkewa ba. Ya gyara zama, ya ce ta ci gaba.

Wannan matakin yana da haɗari, don yana iya sa ka ci. Kada ka damu, na gaba zai gyara ɓarnar.

Mataki na shida: Ka ji tausayin motar

Jarrabawa ta biyu Injiniya ya zo kamar sabon tuba. Bel, madubi, hannu biyu, sigina tun kwana na nesa. Kansa na juyawa dama da hagu har Jan Biro ya ɗan saki allonsa. Bakinsa kuwa ya kulle shi, duk da cewa fanbel ɗin na ta yi masa kuka.

Suka iso wata mahaɗa mai alamar tsayawa da farin layi a ƙasa. Ba kowa a titin, ko kare. Yana rage gudu sai ya ji injin na shaƙewa, yana neman mutuwa. Ƙafarsa ba ta yi shawara da shi ba. Ta ɗan taɓa totur, ta sassauta kuloci, ta lallaɓa motar ta gangara a hankali kamar mai tafiya da mara lafiya, har ta tsallake layin injin bai mutu ba. A ransa ya ce, da mutumin nan ya san mota, da ya tafa mini.

Jan Biro ya cire murfin bironsa.

"Ba ka tsaya cak ba."

"Yallaɓai, da na tsaya mutuwa za ta yi."

"Sai ta mutu."

"A bar mota ta mutu a mahaɗa?"

"Mutuwar mota ƙaramin kuskure ne. Ƙin tsayawa babba ne. Babba ɗaya ya isa."

Ka haddace wannan, don shi ne zuciyar ilimin. A ranar nan wata malamar asibiti ta shiga bayansa, motar ta mace mata sau uku a mahaɗar, ta tayar sau uku tana salati, ta fito da takardar cin jarrabawa. Ban ce ba ta cancanta ba, ta tsaya inda aka ce ta tsaya. Amma Injiniya na zaune a bencina yana kallonta, fuskarsa kamar an mare shi a gaban 'ya'yansa.

"Ka gaya mini tsakaninka da Allah," ya ce, "wannan adalci ne?"

Na ce masa adalci ne mana, tunda kowa da mudu ɗaya ake auna masa. Ba laifin mudun ba ne idan kai ruwa ka kawo. Bai yi dariya ba, ni ma daga baya na ji ban kyauta ba.

Mataki na bakwai: Ka toshe abin da Allah Ya ba ka

Saura dama ɗaya, ranar Alhamis, wata kuma zai ƙare ranar Asabar. Kayan aikin Injiniya sun riga sun dawo gida: jak a ƙarƙashin gado, akwatin sifanu a bayan ƙofa, ɗakin duk warin baƙin mai. Manajan ya aiko da saƙo cewa yana nan yana jira, amma masu jiran su ma suna nan.

Da safiyar Alhamis matarsa ta tare shi a bakin ƙofa, ta buɗe tafin hannunta. Auduga ce, dunƙule biyu.

"Mene ne wannan?"

"Ba hannunka ke kayar da kai ba, Baban yara, kunnenka ne. Minti ashirin kawai. Kada ka ji motar. Ka ji mutumin, ka bar motar."

Ya daɗe yana kallon audugar. Da kunnen nan ya aure ta, da shi ya ciyar da yaran, da shi ya yi suna. Yau shi ne abin da za a ɓoye kamar abin kunya. Ransa ya yi ɗaci, amma ya karɓa, don ya ga idonta ya kawo ruwa kuma ba mai saurin kuka ba ce.

A bakin ofis ya tsaya kusa da lemata ya cusa audugar, ya jawo hula ya rufe. Na yi masa magana ya ce, "Iye?" Na ce alhamdu lillahi, yau kam ya zama direba irin wanda ake so.

Mataki na takwas: Ka tsaya inda ba a ce ka tsaya ba

Wannan shi ne matakin da ke raba gwani da ɗan koyo. Ka natsu.

Komai ya tafi daidai. Muryar Jan Biro na iso masa kamar daga cikin rijiya, amma yana ji: dama, hagu, miƙe. Injin kuwa shiru, duniya ta yi masa daɗi irin na kurame. Ya tsaya cak a farin layin, motar ta mutu, ya bar ta ta mutu, ya tayar da ita kamar ba shi ba. Ya zaga shataletale, ya yi ribas tsakanin durom biyu ko iska bai taɓa ba. Ya saci kallon takardar ya ga fara ce tas, in ban da ɗigo ɗaya. Abin da ya rage shi ne su sauka wata doguwar gangara mai kwana a ƙasanta, inda 'yan kasuwa ke baje kaya a bakin titi, su koma ofis. Minti uku.

Sai ya ji abu a tafin hannunsa.

Matarsa ta toshe kunne, ta manta da hannu. Sitiyarin na ɗan rawa, ba irin rawar titi mara kyau ba, wata rawa ce mai zuwa tana komawa daidai da juyin taya. Ya ce wa kansa ba komai. Ya ce wa kansa minti uku ne, a hankali zai sauka, Allah zai kiyaye. Ya tuna jak ɗin da ke ƙarƙashin gado. Rawar ta hau har gwiwar hannunsa, ya ji ta a kujerar da yake zaune. Ya san ta, ya kuma san abin da ke biyo bayanta.

Ya sa yatsa ya zare audugar kunne ɗaya. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Tayar gaba, ɓangaren Jan Biro.

Ya duba madubi, ya juya kai yadda za a gani, ya sa sigina, ya gangara gefe ya tsaya a saman gangarar, daidai ƙarƙashin allon da ya hana tsayawa. Ya kashe inji.

"Na ce ka tsaya?" in ji Jan Biro.

"A'a, yallaɓai."

"Ka ga allon nan?"

"Na gani."

"Tayar da mota mu tafi."

"Ba zan sauka gangarar nan da ita ba."

"Malam, ka san abin da kake yi kuwa?"

Injiniya ya sani sarai. Ya buɗe ƙofa ya zagaya, ya tsuguna a gaban tayar. Jan Biro ya fito rungume da allonsa. Injiniya ya sa yatsu biyu ya murza noti ɗaya, ya faɗo a tafinsa. Ya murza na biyu, shi ma ya biyo. Na uku babu shi ma, ramin kawai. Ya kama tayar da hannu biyu ya girgiza, ta yi lilo kamar haƙorin yaro mai shirin fita. Ashe da safe tayar ta yi faci, wani ya canja ta, aka kira shi a waya, ya tafi bai ɗaure ba.

Jan Biro ya dubi notin, ya dubi gangarar, ya dubi matan da ke zaune a kwanar da tiren tumatir. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Allah Ya saka maka da alheri," ya ce. Wannan ce magana mafi tsawo da aka taɓa ji ya yi wa ɗan Adam.

Sannan ya mayar da tabaraunsa, ya cire murfin biro.

Mataki na tara: Ka ɗaure musu tayar

"Yallaɓai, me kake rubutawa?"

"Tsayawa a inda aka hana. Ƙin bin umarni. Rashin kammala hanya."

"Amma ka ga dalili da idonka."

"Na gani. Takardar ba ta da gurbin dalili." Ya juya ta ya nuna masa, kamar wanda ake zargi da ɓoye wani abu. Gaskiyarsa ne, layi-layi ne da ƙananan akwatuna, ba inda aka bar wa notin taya wuri. "In na ce ka kammala, na yi ƙarya. Ban taɓa yi ba. Wanda ya faɗi sau uku sai bayan wata guda. Ka dawo, ina ganin za ka ci."

"Jibi aikin zai wuce ni."

Jan Biro ya ci gaba da rubutu. Ban ce bai ji ba, an ce har ya sunkuyar da kai. Amma bironsa bai sunkuya ba. Da ya gama sa hannu sai ya yi gyaran murya, ya ce, "Akwai sifana a but. Ko za ka taimaka? Akwai mutum shida da ke jira."

A nan ne za ka nuna ko ka fahimci darasin. Mai hankali zai zuba notin a aljihu ya tafi abinsa. Injiniya ya buɗe but, ya ɗauko jak da sifana, ya ciro noti ɗaya daga tayar baya ya cike gurbin wanda ya ɓace, ya ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, yana tsallakawa yadda ake yi, ya hau kan sifanar da ƙafa har ta yi ƙara. Ya zagaya sauran tayoyin ukun ma ya taɓa, don ba ya iya barin aiki rabi. Hawaye na zubo masa yana sharewa da bayan hannu, baƙin mai na shafar fuskarsa.

Jan Biro ne ya tuƙo su zuwa ofis, da hannu ɗaya.

Injiniya bai zauna a bencina ba ranar. Ya wuce da takardarsa a ninke, ya tafi gida a ƙafa. Matarsa ta ce tun daga yadda ya turo ƙofa ta gane. Ta ga kunne ɗaya da auduga, ɗaya babu. Ta tambaye shi abin da ya faru, ya faɗa mata duka, yana tsaye, yana jiran ta yi masa faɗan da ya san ya cancanta.

"Mutum nawa ne a kwanar?" ta ce.

"Ban ƙirga ba. Da yawa."

Ta miƙa hannu ta zare masa ɗaya audugar ta jefa a kwandon shara. Ta ce ya je ya wanke fuska kafin yara su dawo, kada su gan shi haka. Ranar Asabar manajan ya ɗauki wani.

Sanarwa

Mai wannan jagora ba ya ɗaukar alhakin duk abin da ya biyo bayan aiki da ita. Idan ka bi ta ka faɗi, dama abin da aka yi maka alkawari ke nan, kada ka zo mini da ƙorafi, ina da masu jiran hoto. Idan ka bi ta ka ci, wani matakin ka tsallake, laifinka ne. Ba ruwana da aikin da ya kuɓuce maka, ko kayan aikinka da ke tsatsa a ƙarƙashin gado, ko kallon da 'ya'yanka za su yi maka in sun tarar da kai a gida da rana tsaka. Masu son sanin ko an yi adalci su je ofis su tambaya, akwai takardar da ake cikewa.

Haka kuma, idan wata rana ka shiga ɗaya daga cikin ƙananan bas-bas ɗin nan, kai da iyalinka, kuka kama gangara, ka ji wani abu yana ƙwas-ƙwas a ƙarƙashin kujerarka, kada ka neme ni. Ka gyara zama, ka kwantar da hankalinka. Wanda ya duba motar yana da lasisi.